Son Jiki Ya Samu Wurin Zama a Jiwa

Da sanyin safiya a bakin titin Jiwa, 'yan acaɓa da masu Keke Napep ne suka fi kowa ciniki. Tun shekarar 2006 da aka hana acaɓa shiga tsakiyar birnin Abuja, lokacin Malam Nasir El-Rufai yana minista, babura suka tattaru a garuruwan gefe irin su Jiwa da Gwagwa da Karmo da Dei-Dei. Sun taimaki mai ciki da tsoho da mai kaya. Sai dai yanzu magidanci mai cikakkiyar lafiya kan tsayar da babur don zuwa inda ba zai ɗauke shi minti goma a ƙafa ba. Hausawa sun daɗe da raɗa wa wannan hali suna: son jiki.

Jiwa tsohon gari ne mai sarautarsa. Ya girmi birnin da Janar Murtala Muhammed ya sa hannu a dokar kafawa a 1976, gwamnati ta tare a cikinsa a 1991. Dattawan garin da noma suka tashi. Mutum ya yi sammako zuwa gona a ƙafa, ya wuni yana huɗa, ya dawo da itace a ka. Uwargida ta yi surfe, ta yi daka, ta ɗebo ruwa. Wanda ya wuni a haka, in ya share malmala biyu da dare, guminsa ya ci. Jikokinsu da yawa yau a zaune suke wuni, wani a shago a kasuwar Dei-Dei, wani a ofis, wani a bayan sitiyari cikin cunkoson hanyar Karmo zuwa Life Camp. Aikin ƙarfi ya ragu, malmalar kuwa tana nan yadda take, har an ƙara mata lemon kwalba.

Halin bai tsaya a ƙafa ba, ya bi mutane har madafa. Gyaran zogale ko rama yana cin lokaci, haka surfa wake da wanke acca. Taliyar leda kuwa minti biyar ta nuna. Sai yara su tashi sun fi sanin ɗanɗanon ɗunƙule da man suya fiye da na daddawa da kuka. A teburin mai shayi, kofi ɗaya kan sha madarar gwangwani da sukari cokali uku ko huɗu, a bi shi da burodi da wainar ƙwai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙara wa abinci da abin sha kada ya wuce kimanin giram 50 a rana ga babban mutum, gishiri kuma kada ya kai giram 5. Babbar robar lemo ɗaya tana iya cinye wannan kason sukarin gaba ɗaya. Gwamnatin tarayya ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021, amma naira goma ba ta hana kowa sha ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da ƙibar da ta wuce kima. A Najeriya, binciken lafiyar al'umma na 2018 ya gano kashi 28 cikin ɗari na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya zarce yadda ya kamata, kuma abin ya fi yawa a birane. Bayan ƙiba sai hawan jini da ciwon suga da ciwon gwiwa da shanyewar ɓarin jiki. Duk gidan da ya yi jinyar ɗaya daga cikinsu ya san yadda kuɗin magani ke cinye jarin iyali wata bayan wata.

Abin da ya fi ciwo shi ne yadda jama'a ke yi wa son jiki kirari. Mutum ya ajiye tumbi, a ce Alhaji ya samu duniya. Amarya ta yi wata uku ba ta murje ba, a fara tsegumin ko miji ba ya ciyar da ita, har wasu su koma shan ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe. In kuwa mai mota ya ajiye motarsa ya taka zuwa masallaci, sai an samu mai tambaya ko lafiya, ko karayar arziki ce. Da irin wannan kallo ake hana mutum abin da zai tsare masa lafiya.

Ba kowane mai ƙiba ne mai son jiki ba, kuma zalunci ne a yi masa gori. Akwai gado, akwai haihuwa, akwai magungunan da ke sa ƙiba. Akwai kuma uwar da abin da ya fi araha kawai take iya saya, da matar da ba ta da wurin takawa sai titi mai ƙura da babura ke tsere a kai. Shugabannin ƙaramar hukumar AMAC, wadda Jiwa ke cikinta, suna da nasu nauyin a nan: gefen titi na masu tafiya a ƙafa, da kare filayen ƙwallo daga masu yanka filaye.

Sauran nauyin na mai jikin ne. Minti 150 na motsa jiki a mako Hukumar Lafiya ta Duniya ta nema, wato tafiyar sauri ta rabin sa'a sau biyar. Wanda ke taka ƙafa zuwa salloli biyar ya kama hanyar cikawa, ga kuma ladan kowane taku. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito kan raba ciki uku tsakanin abinci da ruwa da numfashi, kusan kowane ɗan Islamiyya ya haddace shi. Aiki da shi ne ya yi ƙaranci.

Limaman Jiwa da masu unguwanni su riƙa faɗin wannan a huɗuba da wurin suna da ɗaurin aure. Mai karatu kuma, in ya haura shekara arba'in, ya je asibitin sha-ka-tafi mafi kusa a auna masa jini da suga a wannan makon, kuma ya tafi da ƙafa.