Ido Yana Ganin Fuska, Ba Ya Ganin Dalili

Karatu: 1 Sama'ila 1:9-18

Ɗan'uwa, in ka dubi fuskar mutum, me kake iya karantawa, me kuma ya fi ƙarfin idonka?

A shekara ta 1893 Edvard Munch, ɗan ƙasar Norwe, ya zana hoton nan da ake kira Ihu. Mutum ne tsaye a bakin shinge, baki buɗe, hannuwa a kunnuwa, sama kuwa ja wur. Yawancin masu kallo sukan ce ihu yake yi. Amma Munch da kansa ya rubuta cewa yana tafiya da faɗuwar rana, sai ya ji kamar wani babban ihu yana ratsa dukan halitta. In haka ne, mutumin kunne yake toshewa saboda abin da yake ji.

Ka lura, mai kallo bai yi kuskure da ya ga tsoro ba, gama tsoron yana nan. Wajen dalili ne ya kauce. Hoton kuma ba zai faɗa masa cewa tarin tibi ya kashe uwar Munch yana ɗan shekara 5, ya kuma kashe yayarsa Sophie a 1877 ba.

Nan Tamale ma, Ibrahim Mahama, wanda ya buɗe cibiyar SCCA a 2019, yakan ɗinke tsofaffin buhunan koko da na gawayi ya lulluɓe gini da su. Mai wucewa zai ce tsumma ne. Wanda ya matso zai ga sunayen 'yan kasuwa da alamar hannuwan da suka yi dakonsu.

Haka Eli ya ga leɓunan Hannatu suna motsi, ya ɗauka ta bugu, alhali kuwa baƙin cikin rashin haihuwa take zubawa gaban Ubangiji. Amma da ta yi bayani, ya saurara, ya sa mata albarka.

Ba za ka iya hana zuciyarka zato ba, amma kana iya hana zato zama hukunci. Maƙwabciyar nan ta Bulpiela wadda ba ta amsa gaisuwarka da safe ba, girman kai ne, ko kuwa ta kwana a asibiti da yaro? Ba ka sani ba sai ka tambaya. Yau ka je ka tambaya.

Addu'a: Ya Ubangiji, kai da kake ganin zuciya, ka ba ni haƙurin saurare kafin in yanke wa ɗan'uwana hukunci. Amin.