Ko Wajib Ne Mai-bi Ya Biya Dukan Abin Da Aka Ce Ana Bin Sa?

Da dama daga cikin 'ya'yan ekklesiyoyinmu suna zaune a Ingila yanzu, waɗansu wajen karatu, waɗansu kuwa suna aikin jiyya a asibitoci. Ɗaya daga cikinsu ya rubuto mana, ransa a ɓace. Ya ce wata safiya ya tarar da wasiƙa daga wani kamfani na masu-karɓar bashi, wai ana bin sa fam 170 domin ya ajiye motarsa a filin wani kanti ya wuce lokaci. An yi watanni da abin, shi kuwa ya sāke gida, bai ga takardun farko ba ko ɗaya. Wasiƙar ta ambaci kotu. Tambayarsa ita ce: tun da shi ke Manzo Bulus, cikin sura ta 13 ta Romawa, ya gargaɗi masu-bi a kan zama da hakkin mutane a wuyansu, ashe ba gara ya biya ya huta ba?

Kafin mu amsa sai mu san yadda abin ya ke, gama ba a yanke shari'a a cikin duhu.

Filayen ajiye mota na kantuna da asibitoci da yawa a ƙasar nan suna hannun kamfanoni masu-zaman kansu. Su kan kafa allo mai-ɗauke da sharuɗɗa, su sa kyamara ta ɗauki lambar kowace mota, shigarta da fitarta. Wanda ya wuce lokaci, sai kamfani ya biya fam 2.50 ga ofishin rajistar motoci na gwamnati da ke Swansea, a ba shi suna da adireshin mai-motar. Kuɗin da su ke nema ba tarar hukuma ba ce, ko da ya ke takardar ta kan yi kama da ita ƙwarai. A wurin doka yarjejeniya ce: ka ga allo, ka shiga, ka yarda ke nan. Dā ma su kan ɗaure ƙafar mota da ƙarfe har sai an biya, amma dokar 2012 ta hana wannan a Ingila da Wales. Ita dokar kuma ta ba su ikon bin wanda sunansa ke kan rajista idan ba a san direba ba, muddin sun cika sharuɗɗan da aka gindaya musu.

Kada kowa ya ce mana takardun nan wasa ne. A 2013 wani mai-sayar da soyayyen kifi da dankali, Barry Beavis, ya ajiye mota a garin Chelmsford inda aka yarda da sa'a biyu kyauta, ya ƙara kusan sa'a guda. Kamfanin ParkingEye ya nemi fam 85. Ya ƙi, ya ce kuɗin ya fi ƙarfin laifin. Magana ta yi ta hawa har Kotun Ƙoli, a watan Nuwamba 2015 kuwa alƙalai shida cikin bakwai suka ba kamfanin gaskiya, domin allon a bayyane ya ke, mai-fili kuma yana da dalilin hana mutane su tare wuri yini guda.

Saboda haka abu na fari da za mu faɗa ba shi da daɗi. Idan mun ga allon, mun gane shi, muka zauna muna hira har lokaci ya wuce, to, bashi ne na gaske. Fili na mai-shi ne. Ba mu da ikon kiran abu zalunci don kawai ya yi mana tsada. Mai-bi wanda ya ke ba da zakka ran Lahadi, ran Litinin kuwa ya jefa takardar bashinsa cikin shara yana cewa ai kamfani ne, ba mutum ba ne, ya ruɗi kansa.

Amma fam 170 ɗin fa? Bisa ƙa'idar da ƙungiyoyin kamfanonin suka fitar a 2024, asalin kuɗin ba ya wuce fam 100, ana kuwa rage kashi 40 cikin ɗari ga wanda ya biya cikin kwana 14. Sauran fam 70 ladan masu-karɓar bashi ne da aka ɗora a kai. A Fabrairu 2022 gwamnati ta fitar da ƙa'idar da za ta hana ƙarin nan, kamfanoni suka kai ƙara, aka janye ta a watan Yuni na shekarar. Su masu-karɓar bashin kuwa ba ma'aikatan kotu ba ne. Ba su da ikon shiga gidan kowa ko ɗaukar kayansa. Wannan sai bayan alƙali ya yanke hukunci an ƙi biya. Jarinsu duka jan tawada ne da kalmomi masu-ban tsoro.

A nan ne mu ke so ɗan'uwanmu ya bincike zuciyarsa. Da ya ce zai biya ya huta, lamiri ne ke magana, ko tsoro? Su biyun su kan yi kama a cikin ƙirji, amma ba ɗaya ba ne. Lamiri ya kan tambaya, mene ne hakkin mutumin nan a kaina? Tsoro ba ya tambayar kome, so ya ke wasiƙu su daina zuwa. Baƙo a ƙasar mutane, mai-jiran sabunta takardun zama, da ya ga an rubuta kotu sai gabansa ya faɗi, masu-rubuta wasiƙun nan kuwa ba su jahilci wannan ba. Biyan abin da ba a bin mu ba tawali'u ba ne. Sa'ad da masu-karɓar haraji suka zo wurin Yohanna Mai-baftisma, bai hana su aikinsu ba, amma ya hana su ƙara kome a kan abin da aka ƙayyade musu. Bulus kansa, da aka miƙe shi za a yi masa bulala a Urushalima, bai yi shiru ba, ya tuna wa jarumin cewa shi ɗan ƙasar Roma ne. Kowane fam da aka biya don firgita kaɗai yana koya wa mai-kurari cewa kurari yana da riba, gobe kuwa wasiƙar za ta sauka a ƙofar gwauruwa wadda ba ta da mai-karanta mata.

Akwai wani wuri mai-santsi, mu kanmu mun daɗe muna juya shi. Doka ba ta tilasta wa mai-mota ya faɗi wanda ya ke tuƙi a ranar ba. Idan kuma kamfani ya dogara ga kyamara, bai isar da takardarsa cikin kwana 14 ba, ba shi da ikon bin mai-rajista, sai direba. Masu-ba da shawara su kan ce, kada ka faɗi direba, ka nuna musu kuskurensu, magana ta mutu. Ko mai-bi ya iya bin wannan ƙofa? A ganinmu, wanda ya ke cin abinci da ƙidayar mintocin mutane, ba a zalunce shi ba idan aka ƙidaya masa kwanakinsa. Kame baki a inda doka ta yarda ba ƙarya ba ce. Amma ranar da muka ɗauki alƙalami muka rubuta cewa ba mu ne muka tuƙa ba, alhali mu ne, ko muka ce babu allo alhali mun gan shi da idonmu, mun sayar da gaskiyarmu a kan fam 100. Waɗansu dattawa za su ce wanda ya san ya wuce lokaci, ko ƙofar ta buɗe, ya biya asalin kuɗin domin lamirinsa. Ba za mu yi musu gardama ba; mu dai ba za mu ɗaura wa kowa shi kamar doka ba.

Abin da ba mu yarda da shi ba sam shi ne ɓoye wasiƙu a ƙarƙashin katifa. Kamfani yana da shekara 6 da zai iya kai ƙara. In wasiƙar gargaɗi ta ƙarshe kafin ƙara ta zo, kwana 30 ne a amsa. In sammacin kotu ne, kwana 14. Wanda ya yi shiru a kan yanke masa hukunci a bayan idonsa, idan kuwa bai biya cikin wata ɗaya ba, sunansa zai zauna a rajistar mabarta shekara 6, ya sha wuya wajen neman rance ko hayan gida.

Ga abin da muka rubuta wa ɗan'uwan. Ya rubuta wa kamfanin filin kansa, ba da zagi ba, ya ce bai sami takardun farko ba, ya ba su sabon adireshinsa, ya roƙi hoton motar da na allon da kwafin takardar fari. Ya tafi wurin manajan kantin da rasidin sayayyarsa in yana nan, gama mai-fili yana iya sa a soke kuɗin. Idan hotunan suka nuna laifinsa ne, ya miƙa asalin kuɗin, ya faɗa a rubuce cewa bai yarda da ƙarin ba. Ya kuma gyara adireshin da ke kan takardar motarsa a Swansea cikin makon nan, gama a kan bar wannan yana iya jawo tara ta hukuma har fam 1,000.