Jarumta a Jikin Dutse

A kwarin Yosemite da ke jihar Kalifoniya ta Amurka akwai wani dutse da ake kira El Capitan, bango ne miƙaƙƙe sambal mai tsayin kusan mita 900. Ranar 3 ga Yuni, 2017, wani Ba'amurke mai suna Alex Honnold ya haye shi daga gindi har ƙololuwa cikin awa 3 da minti 56, babu igiya babu ƙugiya, daga shi sai matsattsun takalman roba da 'yar jakar garin alli a ƙugunsa, wanda yake shafa wa hannu don kada gumi ya sa yatsunsa santsi. Mai kallo daga ƙasa zai ce wannan bawan Allah ya gaji da duniya. Duk da haka masu hawan dutse ƙaruwa suke yi, har wasan ya shiga gasar Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021. Ina ganin abin da ke kai yawancinsu jikin dutse shi ne neman jarumta, kuma jarumtar da dutse ke koyarwa ta sha bamban da wadda ake yi wa kirari a dandali.

Dutse ba ya duba ɗan wane, ba ya karɓar na goro, ba a yi masa daɗin baki. Mutum na manne da shi, kan yatsunsa cikin wata tsaga da ba ta kai faɗin ɗan yatsa ba, babban yatsan ƙafarsa a kan wani ɗan ƙullutu, ƙafar ta fara karkarwa, ga sarari fayau a ƙarƙashinsa. A wannan lokaci tunanin bashi da na cefane duk sun kau, saura tambaya ɗaya, ina hannu zai kai nan gaba. Masanin halayyar ɗan Adam Mihaly Csikszentmihalyi ya zanta da masu hawan dutse a binciken da ya wallafa a 1975, kuma abin da suka fi ambata shi ne wannan tattaruwar hankali wuri guda, har mutum ya manta da kansa. Tsoro yana nan, shi ne ma yake wasa hankalin. Jarumi a nan shi ne wanda tsoro ya kama shi amma bai karɓe masa linzami ba, ya daidaita numfashi, ya ɗaga ƙafa a nitse.

Abin da ake yawan mantawa a labarin Honnold shi ne abin da ya gabaci ranar. Ya shafe fiye da shekara yana bin hanyar da zai hau da igiya, yana maimaita wuraren da suka fi wuya, yana rubuta kowane motsi a littafi har ya haddace. A ƙarshen 2016 ya fara hawan ba igiya, ga masu ɗaukar fim sun kafa na'urorinsu, ya yi ɗan nisa cikin duhun asuba, ya ji ƙafarsa ba ta amince da dutsen ba, sai ya haƙura ya sauko. A wurina wannan saukowar ta fi hawan nuna jarumta, domin ba ƙaramin namiji ne zai ce ya fasa alhali idon jama'a na kansa ba. Mai ganganci ba ya iya wannan. Kunyar mutane ce ke tuƙa shi, ita ce kuma ke kai shi kushewa.

Tarihin haɗurran wasan ma hakan yake nunawa. Lynn Hill, wadda a 1993 ta zama mutum na farko da ya haye hanyar Nose ta El Capitan da ƙarfin hannu da ƙafa kawai, igiya na matsayin kariya, ta taɓa faɗowa daga tsayin fiye da mita 20 a Buoux ta Faransa a 1989, saboda hankalinta ya ɗauku ba ta ƙarasa ɗaure ƙullin igiyarta ba. Reshen bishiya ne ya rage mata ƙarfin faɗuwar. Todd Skinner ya rasu a Yosemite a 2006 lokacin da maɗaukin ɗamararsa da ya riga ya cinye ya tsinke. Brad Gobright, wanda ya sha hawa ba igiya, ya gamu da ajalinsa a Meziko a 2019 wajen saukowa, igiyar ta ƙare masa babu ƙulli a bakinta. Dukansu gwanaye ne, ba kuwa a wuri mafi wuya abin ya same su ba. Sabo ne ya cinye tsoron da ya kamata ya sa su sake dubawa. Shi ya sa masu hawa suka mai da shi ƙa'ida kowa ya duba ƙullin abokinsa kafin a bar ƙasa, kamar yadda mai haƙar rijiya ba ya zura jiki sai ya gwada igiyar ya kuma san wanda ke riƙe da ita a sama.

Wani zai ce mai haƙar rijiya abinci yake nema, shi kuwa wannan me zai tsinto a kan dutse? Gaskiya ne, ba ya saukowa da komai a aljihu. Amma ba a taɓa auna kokawa ko sukuwa da mudun hatsi ba, kuma halin da ake horarwa a jikin dutse, wato haƙuri, da riƙon amanar ran abokin tafiya, da iya tunani cikin firgici, hali ne da ake buƙata a ɗakin tiyata da wajen kashe gobara. Wani kuma zai ce ai Honnold halittarsa ce daban, tunda hoton ƙwaƙwalwarsa da aka ɗauka a 2016 ya nuna sashen da ke kula da tsoro ba ya saurin motsawa. Ko da haka ne, mutum guda ne shi, kuma hoton bai raba abin da aka haife shi da shi da abin da shekarun horo suka gina ba.

Hujjar da ba zan iya turewa ba ita ce ta iyali. Rai amana ne, kuma wanda ya faɗo ba shi kaɗai ya faɗo ba, akwai uwa, akwai 'ya'ya, akwai masu ceto da za su sa nasu ran a haɗari don ɗauko gawa. John Bachar, ɗaya daga cikin fitattun masu hawa ba igiya, ya shafe shekaru da dama yana yi lafiya, ya faɗo ya mutu a 2009 ya bar ɗa. Ƙwarewa ba ta hana dutse ɓallewa a hannu ko ruwan sama saukowa ba zato. Malamanmu kullum suna tunatar da mu cewa tawakkali ba ya hana riƙon sababi, igiya kuwa sababi ce da ke hannun mai hawa. Saboda haka ina girmama mai hawa da igiya, mai duba ƙulli, mai iya cewa yau ba za a hau ba. Wanda ya ajiye igiya da gangan, ko da ya kai ƙololuwa, na yaba ƙwarewarsa amma ba zan nuna wa yaro shi a matsayin abin koyi ba.