Shekarun Kwalba da Nauyin Laifi

Wanda ya san tsoffin kwalabe ba rubutun jikinsu yake fara dubawa ba, gindin yake juyawa. Idan ya ga tabo mai kaushi, wurin da aka ɓalle sandar da mai busa gilashi ya riƙe kwalbar da ita, zai ce da wuya ta gaza shekarun 1860 tsufa. Sai ya bi layin da mazubi ya bari a gefenta. In ya ɓace a wuya, hannu ne ya gyara bakin. In ya haura har sama, aikin inji ne, irin wanda Michael Owens ya yi wa rajista a Amurka a 1903.

Wannan ilimin kasuwa ne, don kuɗin kwalba yana bin shekarunta. Amma akwai wata siririyar kwalba da ta mayar mini da shi tambayar hisabi: ta Mrs. Winslow's Soothing Syrup, ruwan zaƙin da aka fara sayarwa a garin Bangor na jihar Maine a shekarun 1840, don lallashin jariri mai fitar da haƙori. Yana sa barci kuwa, domin mofin ne a ciki. Wasu jariran ba su farka ba.

Sai a 1906 dokar Amurka ta tilasta bayyana irin wannan sinadari a takardar jikin magani. Saboda haka mai ƙiyasta shekarun kwalbar, ko ya sani ko bai sani ba, yana ƙiyasta abin da uwar ta sani ne. Mai tabo a gindi ta fito daga hannun matar da aka rufe wa ido, laifin na mai sayarwa ne kacokan. Mai layin inji kuwa, wataƙila uwar ta karanta, ta kuma ɗura wa ɗanta. Shin sanin ya mayar da laifin kanta? Ina shakka. Wadda ta kwana uku tana jijjiga yaro, ga aikin masaƙa yana jiranta da asuba, ba a gabanta zan yi alƙalanci ba.

Abin da ya fi damuna mu ne, masu zuwa daga baya. Takardar ta ruɓe a ƙasa, gargaɗin ya tafi da ita, gilashin ya rage da kalmar lallashi a jikinsa. Mai tarawa zai wanke ta, ya jera ta a taga inda rana za ta ratsa ta, ya fi murna idan ta kasance ta kafin dokar.