Tsufan Ƙarya: Laifin Wane Ne?

Ran nan na bi ta Kasuwar Kurmi, wadda take ci tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463-1499), sai na tsaya a rumfar wani dillalin kayan tarihi. Ya miƙo mini wata likkafa ta tagulla, ta yi baƙi ƙirin, ya ce tun zamanin Sarki Ibrahim Dabo take. Da na juya ta, sai na ga inda ƙafar mahayi ke takawa ko kaɗan bai goge ba. Na gaya masa. Ya yi murmushi ya ce, "Malam, bara aka ƙera ta, aka binne ta wata uku. In na ce sabuwa ce, wa zai taya?"

Wannan dabara ba a Kano kaɗai take ba. Tufafin Japanawa na gargajiya ba su da aljihu, don haka sukan rataya 'yar jaka a ɗamara, su maƙale igiyarta da wani ɗan sassaƙe na itace ko hauren giwa, wai shi netsuke. Masana can ba su cika dogara da sunan masassaƙin da ke jikinsa ba, domin suna abu ne mai sauƙin kwaikwayo. Bakin ramin da igiya ke bi suke dubawa, su ga ko shekaru sun cinye shi.

To, jama'a, dillalin nan ya yi algus, babu musu, addini da al'ada duk sun hana. Ɗalibin da ya ɗauki likkafar nan hujja a bincikensa kuwa, an gurɓata masa tarihi. Amma ni a ganina ba shi kaɗai ke da laifi ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Maƙerin da ya iya aikin da har za a ɗauka na zamanin Dabo ne, ai gwani ne. Mu masu saye muka raina shi don yana raye, har sai da aka binne aikinsa tare da sunansa kafin mu ga darajarsa.

Na ce da dillalin ya sayar mini da ita a matsayin sabuwa, ya kuma faɗa mini unguwar maƙerin. Ya sallama likkafar, amma unguwar ya ƙi faɗa. Har yau ina nemansa.

Allah ya sa mu gane.