Idan Alƙalami Ya Gaji

Da yawa daga cikinmu an ɗora mana aikin rubutu: katekis da littafin baftisma, sakatariyar Zumuntar Mata da rahoton taro, mai tattara labaran Ikklisiya kowane wata. Da farko alƙalami yakan yi gudu. Shekara na zagayowa babu mai cewa sannu, sai zuciya ta fara tambaya: aikin da ba wanda ya yaba, yana da daraja kuwa?

Mu tuna da Waliyyi Jerom. A shekara ta 382 Paparoma Damasus ya ba shi aikin gyaran Bishara cikin harshen Latin. Daga baya ya zauna a Baitalami, ya shafe wajen shekaru 15 yana fassara Tsohon Alkawari daga Ibrananci. Suka ta yi masa yawa. Waliyyi Agustin ma ya rubuta masa cewa jama'ar wani coci sun ta da hayaniya saboda kalma ɗaya da ya sauya a littafin Yunusa. Jerom ya rasu a 420. Sai a 1546 Majalisar Trent ta tabbatar da wannan Baibul na Latin, wanda mafi yawansa aikin hannunsa ne.

Da yabo yake jira, da tuni ya ajiye alƙalami. Darajar aiki tana wurin wanda zai amfana, ko da bai san sunanmu ba. Jaririn da muka rubuta sunansa yau, ranar aurensa wannan layin za a nema.

Saboda haka mu keɓe wa rubutunmu lokaci kamar na addu'a, mu riƙe shi ko da marmari ko babu. Ubangiji ya ba mu jimiri. Amin.