Ko Karatu Yana Iya Rufe Wa Mutum Ido?



Akwai wata magana da dattawanmu kan faɗa idan suka ga yaro mai ƙwazo ya fara wasu 'yan take-take, ya daina gaida mutane, ya riƙa ganin kowa a ɓace: sai su ce karatu ya taɓa shi. 'Yan boko da 'yan Arabiyya duka mukan ɗauki wannan magana a kan ƙiyayya ce kawai ta wanda bai je makaranta ba. Amma tun da yake na ƙarar da fiye da rabin rayuwata ina koyar da Larabci a nan yankin Riruwai, ina ganin maganar ta cancanci a zauna a kanta. Ba hauka na asibiti muke nufi ba. Tambayar ita ce, ko littafi yana iya shiga tsakanin mutum da duniya har ya riƙa ganin abubuwa ba yadda Allah ya ajiye su ba? Amsata ita ce i, yana iyawa. Sai dai inda muka fi tsammanin cutar, ba nan ta fi yawa ba.

Idan aka ta da wannan zance a ƙasar Kano, abin da yake fara zuwa bakin iyaye shi ne littattafan soyayya. Tun daga shekarun 1980 suka fara yawaita a kasuwannin birni, marubuta irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa suka yi suna, har suka kai ƙauyukanmu a cikin akwatunan 'yan makarantar kwana. Kukan da aka yi shi ne, yarinya za ta karanta labarin miji mai mota da gidan sama wanda ba ya ɗaga murya, sannan a kai ta gidan manomin masara a Tudun Wada ta ga kamar an zalunce ta. A shekarar 2007, zamanin Gwamna Malam Ibrahim Shekarau, har an tara irin waɗannan littattafai an cinna musu wuta a bainar jama'a. Lalle kukan iyaye ba na banza ba ne, an ga auren da irin wannan dogon buri ya girgiza. Amma kuwa wutar ba ta yi magani ba, labaran sun koma cikin waya, inda uwa ba ta iya ɗaga katifa ta samo su. Kuma ba a yi wa marubutan adalci ba da aka haɗa su a kwando ɗaya, domin daga cikinsu akwai waɗanda suka yi yaƙi da jahiltar da 'ya'ya mata. Abin da ya fi wannan duka, mai karanta ƙagaggen labari ta san ƙage ne, ko da zuciyarta ta so ya zama gaskiya. Surfe da ɗebo ruwa da kukan jariri sukan maido ta ƙasa kafin shekara ta zagayo.

Wanda ake ji wa tsoro shi ne mai karatun da ya tabbatar a ransa cewa abin da ke takarda ya fi abin da ke gabansa gaskiya. Ibn Khaldun, wanda ya rubuta Muƙaddima a shekarar 1377 ya kuma rasu a Alƙahira a 1406, ya ba da labarin irin waɗannan mutane. Ya ce a ƙasashen Magrib akwai wasu ɗalibai da suka kasa neman abinci ta hanyar sana'a, sai su riƙa zuwa wa masu kuɗi da tsofaffin takardu masu yagaggen gefe, wai suna nuna wuraren da mutanen da suka binne dukiya. Sai attajiri ya ba da kuɗi a yi ta haƙa da dare. Idan ba a sami kome ba, ba a cewa takarda ce ta yi ƙarya, sai a ce ba a san yadda za a karya tsafin da aka rufe dukiyar da shi ba. Haka kuma ya yi magana a kan masu alkimiya, waɗanda suka ƙare rayuwarsu a kan littattafan da suka yi musu alkawarin mayar da jan ƙarfe da dalma su zama azurfa, azurfa kuma ta zama zinariya. (Daga sunan wannan sana'a ne, a kan hanya, muka samo kalmar kimiyya da muke amfani da ita yau.)

To, mutumin Riruwai ya fi kowa fahimtar wautar da ke cikin wannan. Tun kafin zuwan Turawa kakanninmu suke haƙar kuza a cikin waɗannan duwatsu suna narka ta. Mai haƙar kuza yana sauraron labari, yana jin ta bakin waɗanda suka riga shi sanin wurin, amma ba ya zuba ƙarfinsa a rami sai ya ɗebi ƙasar ya kai bakin ruwa ya wanke ta a ƙwarya. Yashi mai sauƙi ya bi ruwa, abin da ke da nauyi ya kwanta baƙi a gindi. In ya wanke sau uku sau huɗu bai ga kome ba, sai ya tattara kayansa ya yi gaba, ko wane ne ya nuna masa wurin. Bambancinsa da attajirin Ibn Khaldun ba a yawan sani ba ne. Shi ya bar wa ƙasa damar ta ƙaryata shi, wancan kuwa ya toshe wannan ƙofa.

Yanzu bari in zo inda maganar ta shafi wannan fili namu, ko da yake ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Karatun da ya fi kowane iya toshe wannan ƙofa shi ne karatun addini idan aka yi shi ba malami. Dalili kuwa a fili yake. Littafin Allah gaskiya ne, ba ya kuskure, amma fahimtar da ni ko kai muka yi masa tana kuskure, kuma mai karatu shi kaɗai a ɗaki ba ya iya raba tsakanin biyun. Sai ya ɗauki tsarkin nassi ya yafa wa fahimtarsa.

Malaman hadisi sun daɗe da gane wannan. Wanda ya ɗauki ilmi daga takardu kawai bai durƙusa gaban kowa ba, suna kiransa suhufi, kuma ba su yarda a karɓi ruwaya daga gare shi ba. Kuskuren da yake faɗawa a ciki suka sa masa suna tas'hifi, watau karanta kalma a karkace saboda ɗigo ko wasali, har Abu Ahmad al-Askari ya wallafa littafi guda a kansa. An ruwaito cewa Abubakar as-Suli, da girmansa a fagen adabi, ya zo kan hadisin azumin Sitta Shawwal, maimakon kalmar da ke nufin shida sai ya karanta wadda ke nufin wani abu, domin surarsu a rubuce ta yi kusa. Mu ma muna ganin irinsa a aji. Yaron da ya taso a makarantar allo ya saba da rubutunmu na Magrib, inda fa take da ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Ranar da ya fara buɗe littafi bugun Beirut sai ya riƙa mayar da kowace fa ta zama ƙaf, har sai an zaunar da shi an nuna masa.

Wannan tas'hifin haruffa ne, gyaransa minti biyar. Akwai kuma tas'hifin ma'ana, wanda ake biyansa da jini. Khawarijawa ba jahilan Alƙur'ani ba ne, makaranta ne masu tsayuwar dare. Masu tarihi sun kawo cewa a kan hanyarsu ɗaya daga cikinsu ya tsinci dabino da ya faɗo daga bishiya ya jefa a baki, 'yan'uwansa suka yi masa ca a kan ya ci abin da bai biya ba, ya tofar. Su ɗin nan kuma suka yanka Abdullahi ɗan Khabbab, ɗan sahabin Annabi, don ya faɗi alheri a kan Sayyidina Ali, har abin ya kai ga yaƙin Nahrawan a shekara ta 38 bayan Hijira. Mai karatu ya dubi wannan ma'auni da kyau: ƙwayar dabino ta yi nauyi, ran Musulmi ya zama ba kome ba. Idanunsu lafiya lau suke, amma da suka dubi mutumin ba su ga mutum ba, sai suka ga wani hukunci da suka haddace.

Ba sai mun je Iraƙi ba. Muhammadu Marwa, wanda aka fi sani da Maitatsine, ya zauna a Kano yana karanta Alƙur'ani yana fassara shi da ra'ayinsa, ya yi watsi da hadisi da maganar malamai, yana tsine wa mai agogo da mai keke da mai rediyo. Aka kore shi daga Kano a 1962, ya dawo. Yaran da suka taru a gidansa a 'Yan Awaki sun kai ga ganin birni guda mai masallatai da masu salla a matsayin garin kafirai. A watan Disamba na 1980 abin ya fashe, kuma kwamitin Mai Shari'a Aniagolu ya ƙiyasta waɗanda suka mutu 4,177. Bai tsaya nan ba, ya sake tashi a Bulumkutu a 1982, da Jimeta a 1984, da Gombe a 1985. Duk littattafan soyayya da aka taɓa bugawa a Kano ba su yi ko kusa da wannan ɓarna ba.

Kada kuma mu malamai mu ɗauka mun tsira. Ibn Khaldun ɗin nan ya ce malamai su ne suka fi kowa nisa da sanin sha'anin mulki, domin sun saba da ƙa'idoji na cikin ƙwaƙwalwa da kwatanta wannan da wancan, sai su so duniya ta bi abin da ke kansu, alhali talaka mai lafiyayyen hankali yana duban kowane al'amari shi kaɗai. Alƙali ne na Malikiyya yake faɗin haka a kan 'yan'uwansa.

Wani zai ce, ashe ke nan ido ne alƙali, littafi kuwa abin tuhuma. A'a, ido ma yana ruɗin mai shi. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo misali biyu a cikin Munƙiz: ido yana ganin inuwa a tsaye cik, sai bayan wani lokaci ka tarar ta gusa, kuma yana ganin tauraro kamar dinari, alhali lissafi ya nuna ya fi duniya girma. Da yawanmu mun taso ana kaɗa gwangwani idan an yi husufi, wai rana ta kama wata, karatu ne ya raba mu da wannan. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah ya rasu aka yi kusufin rana, mutane suka danganta shi da rasuwar, shi da kansa ya tsaya ya gyara musu. Saboda haka ido yana bukatar littafi kamar yadda littafi yake bukatar ido, kuma aikin malami shi ne ya zauna tsakaninsu.

Abin da karatun zaure yake yi ke nan, ko da yake yau ana yi masa kallon ɓata lokaci. Ɗalibi ya biya Ahalari, ya shiga Ishmawi, ya wuce Iziyya da Risala, kalma kalma, a gaban mutumin da ya san garin, ya san wanda ke jin yunwa da wanda ke riƙe da marayu. Idan yaro ya zaro hukunci zai sara da shi, malam ya tambaye shi, a kan wa? A wane hali? Wa ya faɗi saɓaninsa? Yau kuwa saurayi yakan yi wata uku da wayarsa da 'yan ƙananan littattafai fassararru, ya dawo ƙauye ya ƙi bin limamin da ya raɗa masa suna.

Imamu Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar da ya rasu a 1285, ya yi wa mai ba da fatawa gargaɗi cewa in baƙo ya zo masa daga wata ƙasa, to ya tambaye shi al'adar garinsu kafin ya amsa, kada ya ɗora masa abin da ya tarar a rubuce a kan al'adar wani wuri. Misalinsa yana zuwa mana kowace ƙaramar salla. Hadisan zakkar fid da kai sun ambaci dabino da sha'ir, domin su ne abincin Madina. Malamanmu suka ce a fitar daga abin da mutanen gari suka fi ci, shi ya sa a Doguwa da Kiru da Bebeji ake auna masara da dawa da gero, mudun Annabi huɗu ga kowane kai. Wanda ya tsaya a kan takarda zai nemi sha'ir a kasuwar Riruwai ya rasa, matar da mijinta ya rasu ta bar tukunya a kan murhu tana jiran dawa.